Yadda zaka yi jinyar wanda za a yiwa aiki, daga ƙofar tiyata har wayewar gari

Na daɗe ina aikin bada maganin barci a ɗakin tiyata, a wani babban asibiti na ƙaramar hukuma a nan Jigawa. Ni ne mutumin nan da ke tsaye ta wajen kan mara lafiya, bayan ƙyalle, wanda yawancin mutane basu ma san yana ciki ba. In aiki yayi kyau likita ake kawowa zabbi da ƙwai, ni ko sannu, kuma wallahi wannan bai taɓa damuna ba. Abinda ke damuna wani abu ne da nake gani kusan kullum. Lokacin da muka shiga da mutum ƙofar tiyata cike take, mata na kuka, maza sun jeru a benci kowa da carbi, wani ma ya kasa zama sai safa da marwa. Da an turo shi ance alhamdulillah an gama lafiya, sai kowa yayi ajiyar zuciya, a buga waya gida a faɗa, kafin magariba motar kasuwa ta kwashe mutane, a bar tsohuwa ɗaya wadda ita kanta kwana biyu bata runtsa ba.

Toh lissafin a baibai yake. Akwai wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 25 har da Najeriya, asibitoci 247, mutum sama da 11,000 da aka yiwa aiki, Farfesa Bruce Biccard na jami'ar Cape Town ya jagoranta, aka buga shi a mujallar Lancet a 2018. Mutum 239 suka rasu. Kasan nawa ne a cikinsu suka rasu a ranar aikin? 14. Sauran 225 duk bayan ranar ne. Kuma mutanen namu sun fi na ƙasashen masu kuɗi ƙuruciya da ƙarancin wasu cututtukan, amma haɗarin mutuwa bayan aiki ya ninka matsakaicin na duniya sau biyu. Shekara ɗaya bayan nan suka fitar da na matan da aka ciro wa jariri ta hanyar aiki, aka ga cikin kowace 1,000 sama da 5 na rasuwa, wajen ninki 50 na ƙasashen can, kuma zubar jini na kan gaba.

Ni ban yi mamaki ba dana karanta. A cikin tiyata mutum ɗaya ne a gabana, idona a kansa, na'ura na ƙara a kunnena, duk bayan 'yan mintuna ina auna jininsa. Ya fita wod kuma ya tarar da nas ɗaya ko biyu da gadaje birjik, dare yayi, NEPA ta ɗauke. Wanda ke zaune kusa dashi har asuba kai ne, ko ke, don mafi yawa mata ne ke wannan zaman. Shi yasa nace bari na rubuta abinda nake so duk mai jinya ya sani, amma sai mun faro daga gida tukuna.

Na farko maganar sa hannu. Tun kafin ku taso ku yanke waye zai sa hannu, kuma ya biyo ku. Sau nawa mace na kan gado naƙuda ta tsaya, mun shirya komai, ana jiran mai gida ya tafi kasuwar Maigatari ranar Alhamis sayar da bijimi, waya bata shiga, ko shi yana nan amma yace sai baffansa ya amince. Mai ciki tun tana zuwa awo ku yi wannan maganar, mai gida ya faɗa da bakinsa a gaban mutane cewa in bana nan a yi duk abinda likita yace. Kuma ita kanta mara lafiyar babba ce mai hankali, ita ke da haƙƙin a yi mata bayani ta yarda, ku daina rufe ta kamar bata wurin. Sai jini. In ance ku kawo masu bada jini, ku kawo matasa masu lafiya biyu ko uku a gwada su da rana tun ma'aikatan lab suna nan. Leda ɗaya ba ta rage namiji da komai, jiki na mayar da ita, zancen wai ƙarfinsa zai tafi ko ya kasa noma bana zance ne kawai.

Yanzu abinci, nan zan ɗan daɗe don nan aka fi cutar dani. Wata rana aka kawo yaro ɗan shekara shida za a yi masa aikin gwaiwa, na durƙusa na tambayi kakarsa, Inna ya ci wani abu yau? Tace ko kusa ɗan nan, tun jiya rabonsa da abinci. Muka shiga, na bashi magani ya fara lumshe ido, kawai sai naga wani abu fari-fari na tahowa ta gefen baki. Koko. Na juya kansa gefe na kwantar da kan gadon ƙasa na hau zuƙewa da injin, hannuna na rawa, ƙarar na'urar da ke auna iskar jininsa tana sauka tana kauri. Allah ya taimaka bai shiga huhu ba. Dana fito na sami Inna nace ba kin ce bai ci komai ba? Tace yo ai koko ne, koko abinci ne? Kuka yake tayi tun asuba tausayi ya bani.

Koko abinci ne Inna. Kunu abinci ne, fura da nono abinci ne, shayi da madara ma haka. Mutum in yana farke kuma abu ya nufi hanyar iska zai ƙware ya yi tari ya fitar. Maganin barci yana kashe wannan tarin, sai abinda ke ciki ya taso tare da ruwan tsami na tumbi ya gangara huhu ya ƙona shi. Tun 1946 wani likita a New York mai suna Mendelson ya bayyana wannan a jikin mata masu haihuwa, har yanzu da sunansa muke kiran matsalar. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce awa 6 ba abinci, in nama ne ko abu mai maiƙo a kai 8, nonon uwa awa 4, ruwa zalla kuma ana iya sha har saura awa 2, amma in asibitinku sun baku wani lokaci nasu zaku bi. In kuma aikin gaggawa ne kuma ya riga ya ci, ba laifi bane, faɗa kawai zaka yi, me ya ci, ƙarfe nawa. Muna da yadda muke yi da mai cikakken ciki in mun sani. Rashin sanin ne ke kashe mu.

Rubutu da tofi, nasan ba wanda zai shiga tiyata ba a nema masa ba, nima an min. A bashi tun da dare, ko a shafa masa a jiki nesa da inda za a yanka, kar a ɗura masa kofi guda a bakin ƙofa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka in na zo da takarda ina tambaya a faɗa min duka. Jiƙe-jiƙe da sassaƙen da yake sha, da maganin kemis. Hawan jini, suga, asma, farfaɗiya, sikila, duk ku zo da ledar magungunan gaba ɗaya mu gani da ido, kuma ku tambaya wanne zai sha da safen aikin wanne zai bari, musamman na suga, don mai azumin tiyata in ya sha shi suga na iya faɗuwa yana barci. Asfirin da masu tsinka jini a faɗa tun da wuri. Samari kuma, in kana shan tiramol ko kodin ko wiwi, ka ce a fitar da Baba waje ka gaya min ni kaɗai, ba ɗan sanda bane ni, so nake na san yawan maganin da zai kama ka. Haƙori mai girgiɗi, haƙorin roba, haƙorin Makka, a nuna min, don ƙarfen da nake sawa a baki na iya ɓalle shi ya faɗa maƙogwaro. Sai tambayar da mutane ke ganin kamar gulma ce: a danginku akwai wanda aka taɓa yiwa aiki ya rasu a kan tebur, ko jikinsa ya ɗau zafi mai tsanani, ko ya daɗe bai farka ba? Akwai irin wannan da gado ne, kuma in na ji sai na canza magani.

Mata, lalle. Na sani in haihuwa ta matso ana so a yi kwalliya, amma dan Allah a bar min yatsa ɗaya ko biyu fes, ba baƙin lalle ba jan farce. Dalilin wani ɗan abu ne kamar maƙalin shanya da muke maƙalawa a yatsa, oksimita. Haske yake harbawa ta cikin yatsan ya faɗa mana yawan oksijin da ke cikin jini da bugun zuciya. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabarar a farkon shekarun 1970, kuma a ganina ba abinda ya kai shi amfani a duk kayan da ke ɗakin. Kafin shi sai an ga leɓe ya canza launi ake gane iska ta yi ƙasa, a fatarmu kuwa kafin ka gani an yi nisa. Mai lafiya yana nuna 95 zuwa 100. In ya sauka 94 mun fara neman dalili, ƙasa da 90 kuwa kowa ya ajiye abinda yake yi. A 2010 masu bincike sun ƙiyasta ɗakunan tiyata wajen 77,000 a duniya basu da ko guda ɗaya, daga nan ƙungiyar Lifebox ta fito a 2011 tana raba wani mai launin ɗorawa mai aiki da batir, irinsa ne yake cetona duk ranar da janareta ta yi gardama.

Amma shima ba waliyyi bane. Baƙin lalle, yatsa mai sanyi lokacin hunturu, motsi, duk suna rikita shi. Kuma a 2020 likitocin jami'ar Michigan a Amurka suka nuna a jikin baƙar fata yakan nuna lamba mai kyau alhali iskar ta yi ƙasa, kusan ninki uku na yadda hakan ke faruwa ga farar fata. Don haka in lamba tace 96 amma mutum na haki yana neman tashi zaune, mutumin zaka yarda dashi.

Zaku ga muna ta maimaita tambaya, ya sunanka, wane aiki za a yi maka, wane ɓangare, dama ko hagu, ni na tambaya nas ta tambaya likita ya sake. Wani dattijo ya taɓa ce min ɗana ku ba kwa rubutawa ne? Muna rubutawa Baba, da gangan ne. Hukumar lafiya ta duniya ta fitar da wata takarda a 2008 mai abubuwa 19 da ake karantawa da ƙarfi sau uku, kafin a bada maganin barci, kafin wuƙa ta taɓa fata, da kafin a fita da mutum. An tabbatar shi ne? An maƙala oksimita yana aiki? Akwai jini a kusa? An bada allurar kashe ƙwayoyin cuta? An ƙirga almakashi da allurai da audugar da aka shiga da ita sun cika? Suka gwada ta a asibitoci 8, daga Landan da Toronto har wani asibitin karkara a Ifakara ta Tanzaniya, likita Atul Gawande na cikin jagororin, aka buga sakamakon a 2009: mutuwa ta sauka daga kashi 1.5 cikin 100 zuwa 0.8, matsalolin bayan aiki daga kashi 11 zuwa 7. Takarda ce fa da biro, ba a sayi sabon inji ko ɗaya ba. Kaima kana da damar tambaya cikin ladabi: waye zai bada maganin barcin, zai tsaya har a gama? Barci gaba ɗaya ne ko allurar baya mai kashe ƙasan jiki kawai? Akwai oksijin ko da wuta ta ɗauke? In gwaiwa ce ko ƙafa ko ido, ka ga an yi alama da maka a ɓangaren da ya dace tun yana farke. Ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba.

Toh an fito. Daga nan aikinka ya fara.

Wanda aka yiwa barci gaba ɗaya kuma bai gama farkawa ba, a gefe ake kwantar dashi sai in likita ya hana saboda irin aikin, don in amai ya zo ya zubo waje. Minshari a wannan lokacin kar ka ɗauka daɗin barci ne, sau da yawa harshe ne ya koma baya ya toshe hanya, ka ɗaga haɓarsa sama ka kira nas. Kar a bashi ko kurɓin ruwa sai an ce a bashi, in leɓe ya bushe a jiƙa auduga a goga. Wanda taifod ta huda wa hanji aka ɗinke zai iya kwanaki ba ci, kuma in kaji muna tambaya ya yi tusa? kar kayi dariya, a wod ɗin tiyata tusa abin barka ce, alamar hanji ya farka kenan. Akwai kuma wani magani da muke yawan amfani dashi a karkara, ketamin, don baya saurin kada jini ko tsayar da numfashi. Wanda ke farkawa daga shi yakan yi sambatu, ya zare ido, ya kira matattu, wata ma ta rera waƙa. Ba iska bace, ba a kuma taɓa shi ba, kar a taru a kansa ana hayaƙi ana jijjiga shi. A rage surutu da haske, mutum ɗaya ya zauna ya riƙe hannunsa, zai wuce. Kuma abinda ya faɗa a wannan halin a bar shi a nan, kar a kai gida a hau yi masa tsiya.

Mai allurar baya idonta biyu amma ƙafafu sun mutu, zasu dawo cikin 'yan awanni, kar a tsorata kuma kar a yi gigin tsayar da ita. Kar a kanga mata garwashi ko robar ruwan zafi a ƙafa don bata ji, sai dai a ga ƙuna. Ciwon kan da ke tashi in ta zauna ya lafa in ta kwanta, a faɗawa nas. Ruwan zafin jego da kunun kanwa su jira sai an tambayi likita.

Ga abinda zaka riƙa aunawa, waya mai agogo da tocila da biro da 'yar takarda kawai kake buƙata. Numfashi: kalli ƙirji ko ciki, hawa da sauka ɗaya kenan, ka ƙirga na minti guda cif, kar ka gaya masa kana ƙirgawa don zai canza. Babba 12 zuwa 20 ne. In ya yi ƙasa da 10, musamman bayan allurar ciwo mai ƙarfi, kuma kana tashinsa yana komawa, tashi ka kira. In ya kai 25 shima kira. Bugun zuciya: yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, minti guda. 60 zuwa 100 lafiya. Ya haura 120 ko ya gaza 50, kira. Yara nasu ya fi sauri, ka tambayi nas lambar da ta dace da shekarun naka. Ka rubuta lokaci da lamba, duk rabin awa a awannin farko, daga baya duk awa ɗaya ko biyu har safiya. Kuma lamba ɗaya bata cika faɗin komai ba, tafiyar ake kallo: 88, 96, 108, 118, ba wadda ta kai 120 amma duk wanda ya ga jerin nan ya san wani abu na faruwa a ciki.

Don jini ba lallai ka ganshi ba. Zai iya zuba a cikin ciki bandeji na nan fari tas. Alamunsa bugu na hawa yana siririncewa, tafin hannu da ƙafa sanyi, gumi mai sanyi a goshi, ƙishirwa kamar me, mutum ya kasa natsuwa yana ta juyi yana cewa a buɗe taga. Ja fatar idonsa ta ƙasa ka haska, duba harshe, in sun yi fari fat ka san sauran. Mai jego kuma ke da ke zaune da ita ki riƙa ɗaga zani kina dubawa har ƙarƙashin ɗuwawu, don jinin can yake taruwa, ba kunya a nan. In ƙunzugu na jiƙewa sharkaf cikin ƙanƙanin lokaci, ko guda-guda na fita, kar ki wanke kar ki zubar, ki ajiye a leda ki nuna. Ido ba mudu ba amma ya san kima.

Ledar fitsari ta zauna ƙasa da gado, kar ka juye ta da kanka sai nas ta rubuta. Babba ya kamata ya tara kamar mil 30 a awa, lambobin na jikin ledar, in awa uku ko huɗu ba abinda ya ƙaru ka duba ko robar ta lanƙwashe, in ba haka bane ka faɗa. Ƙarin ruwa kuma dan girman Allah a daina murɗa ɗan tayan nan wai ya yi sauri ya ƙare, ruwa in ya yi yawa huhu yake cikawa, balle tsoho ko yaro. Oksijin ma haka, akwai masu cewa duk wanda aka sa wa shikenan ya tafi, sai su zare in nas ta juya baya. Masu jin jiki sosai ake sa wa shi yasa kake ganin wasu na rasuwa da shi, zarewar ce zata ƙarasa shi. Kuma ba ashana ba turaren wuta ba maganin sauro na kunnawa kusa da silinda.

Yadda ake kiran nas ma sai an koya. In kace Sista jikin nata fa wani iri, tana da mutum goma masu wani iri. Ce mata Sista, bugun ya tashi daga 90 zuwa 125 cikin awa ɗaya, hannunta sanyi ƙalau, ga takardar. Wallahi zaka ga ta miƙe. In an ce ana zuwa kuma minti goma shiru, koma, in ta kama ka roƙa a kira likitan da ke kan aiki. Banda zagi da ɗaga murya, ita ma tun safe take tsaye, amma kar kunya ta zaunar da kai. Ko duk lambobin lafiya, in kai da ka san shi kaga ba haka yake ba, ya rikice ko baya gane mutane, faɗa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan ba ƙirƙirata bace. A Mbale ta ƙasar Uganda an gwada koyawa 'yan uwa masu jinya yin irin wannan awon da oksimita bayan tiyata, aka ga yawan awon da ake yiwa marasa lafiya ya ƙaru sosai, duk da gwajin ƙarami ne. Amma gaskiya ɗaya ce, bari na faɗi ɗaya ɓangaren. Su Farfesa Biccard masu binciken nan na farko sun sake wani babba da aka buga a 2021, suka ce a ware masu haɗari a ƙara sa musu ido, a matso da gadonsu kusa da teburin nas, a bar ɗan uwa ya kwana dasu. Mutuwa bata ragu ba. Asibitoci da yawa sun kasa aiwatarwa yadda aka tsara saboda ƙarancin hannu. Ni abinda na ɗauka daga ciki shine gani kaɗai baya ceto sai akwai abinda za a yi in an gani, wato jini a kusa, mota da mai a ciki in ta kama a wuce Dutse ko Kano, da wanda zai ce a yi ba sai an jira gari ya waye ba.

Wani dare da damina muka yiwa wata aiki aka ciro ɗa namiji wajen la'asar, komai lafiya, dangi suka yi barka suka tafi. Aka bar ta da ƙanwarta, yarinya 'yar aji uku a ƙaramar sakandare. Kafin na tafi na nuna mata yadda ake jin bugu, na yago mata bayan kwalin safar hannu na bata birona. Ƙarfe ɗaya da wani abu na dare waya ta tashe ni. Na zo na tarar da yarinyar tsaye da tocilar waya a baki, kwalin a hannu, ta ja layi da kyau kamar a littafin lissafi, lokaci a hagu lamba a dama, 92, 98, 110, 124. Yayar tana ta cewa a bata ruwa. Nas ta danna cikin ta ji mahaifa ta saki tayi laushi, muka ɗaga zanin, katifar roba ta tara jini har ya bi ta bayanta. Aka hau murza mahaifa, allura, ruwa ta hannu biyu. Sai aka ce jini. Ƙannen mijin biyu da aka gwada da rana jininsu ya dace, ashe sun bi motar ƙarshe sun koma ƙauye, rafi ya kawo, wayar ɗaya a kashe ɗayan ba sabis. Ɗan acaɓan da ruwa ya tsare yana barci a baranda shi aka tasa, Allah yasa nasa ya dace kuma ya yarda, da shi da wani masinjanmu. Ta rayu, kwana shida aka sallame ta.

Don haka waɗanda aka gwada jininsu kar su tafi ko ina a daren farko, su nemi tabarma su kwana a barandar masallacin asibitin, waya a kunne da caji. Masu zaman ciki kuma ku zama biyu ku raba daren, ɗaya daga isha'i zuwa ƙarfe ɗaya, ɗaya daga nan zuwa asuba, wadda zata kwanta ta miƙa wa 'yar uwarta takardar da biron hannu da hannu ta nuna mata lambar ƙarshe.